Ƙarar da Ke Ƙofar Baya

Ran da muka ɗauko ta, Eleodoro ya sa rigar zuwa coci,
ya tuƙa ta kamar mai ɗauke da ƙwai a faifai.
Shekara biyar za mu yi muna biyan banki,
amma ranar ba wanda ya ambaci bashi.
Maƙwabta suka leƙo ta tagogin tudu,
a ganinmu Valparaíso kaf ta tsaya kallo.

Kwana uku ƙamshin sabunta ya yi mana daɗi.
A na huɗu Amaro ya ce kansa na juyawa.
Muka sauke gilas, iskar teku ta shigo da ƙarnin kifi,
muka ce madalla.

Sai halinta ya soma fitowa,
kamar baƙon da ya gama jin kunya.

Na sayo kankana, na zaunar da ita a kujerar gaba.
Mota ta hau tsiwa, wai fasinja bai ɗaura bel ba.
Na lallashe ta, na zage ta, ba ta saurara ba.
Ƙarshenta na ɗaura wa kankana bel,
muka hau tudu ni da ita,
kamar ƙawaye biyu masu gaba.

A danja, kan hawan da ya fi kowanne miƙewa,
injin ya ɗauke wuta, wai tattalin mai take.
Gabana ya faɗi. Mai bas na baya ya kwanta kan hon.
Ina ɗaga ƙafa ta farka,
kamar ba ita ba.

Babu maɓalli ko na rantsuwa, sai baƙin allo mai sheƙi.
Kafin ka rage sanyi sai yatsa ya bi ƙofa uku,
ido ɗaya a titi, ɗaya a gilashi.
Cikin mako tambarin yatsun gidanmu duk ya hau kansa,
har da na Maite, mai maiƙon fiya.

Kaka Clotilde ta shigo da filas ɗin shayinta,
ramin ajiye kofi ya ƙi karɓa.
Ta rungume shi a cinya har Quillota,
ta ce, "Wanda ya ƙera wannan
bai taɓa ɗaukar uwarsa ba."

Duk wannan da sauƙi. Akwai ƙarar.
'Yar mitsitsiya, kas-kas, daga ƙofar baya ta hagu,
ba ta fitowa sai a titin duwatsu.
Eleodoro ya daina jin rediyo, ya daina ji na,
kunnensa ya koma baya ya tare.
Sau uku ya kai ta gareji,
sau uku bakanike ya shiga ya kasa kunne,
ta yi tsit,
kamar haƙorin da ya ga likita ya bar ciwo.

Wata Asabar ya kwashe komai ya zube a bakin titi:
tabarmin roba, littafin bayani mai harsuna tara,
'yar kwalbar da suka ba mu a madadin safaya.
Can ƙasan aljihun ƙofa yatsansa ya taɓo
noti guda, ja da tsatsa.

Maite ta sunkuyar da kai. Shekararta shida.
"Na tsohuwarmu ne.
Ran da aka ja ta aka tafi, na tsince shi a ƙasa.
Wannan ba ta hira a hanya, ƙorafi kawai take.
Na ce ko za ta koya."

Ya juya notin a tafin hannu, ya daɗe.
Shekara goma sha shida waccan ta yi tana tari a tudun nan.
A cikinta naƙudar Amaro ta kama ni,
ƙofarta ɗaure da waya.

An ce sabo turken wawa.
To, wawaye biyar ne a gidanmu.
Ya mayar da notin inda ya same shi,
ya rufe ƙofa a hankali.

Allon nan bai daina ba ni haushi ba,
kankana kuma har gobe da bel take tafiya.