Taswirar Amadeu

Shekara talatin ina kan babban titi,
Lisbon zuwa Badajoz, Badajoz zuwa Lisbon,
tirela mai taya goma sha biyu,
kunnena cike da rurin inji.
Ban san ƙasar nan tana da shiru ba
sai da likita ya karɓe mini makulli.

Keken nan na ƙanena ne, Amadeu.
Ya bar shi jingine a bayan ɗakin ajiya,
sarƙa ta yi tsatsa, sirdi ya lotsa
daidai da zaman wani, ba nawa ba.
A 'yar jakar baya na tsinci taswira
da ya zana da fensir a bayan kalanda:
"Daga Pavia ka kauce wa kwalta mai lamba,
bi ta bayan maƙabarta, hagu, sai hagu kuma."

Na bi.

Hanya ce siririya kamar igiyar shanya,
ciyawa ta tsaga tsakiyarta ta leƙo.
Dama da hagu, itatuwan da ake ɓare wa ɓawo
don a yi wa kwalabe marfi,
an feɗe su har ƙugu, jikinsu ja wur,
kowanne da lambarsa da farin fenti,
suna tsaye ba su kai ƙarar kowa ba.

Shamuwa ta yi sheƙa a kan turken lantarki,
ta dube ni da ido ɗaya, ta ci gaba da sha'aninta.
Ina jin ƙararrawar tumaki tun ban gan su ba.
Ina jin numfashina.
Ina jin feda ta hagu tana cewa ƙit, ƙit,
ashe haka ta riƙa yi masa hira.

A gefen takarda yakan rubuta lissafi:
"Talata, mota biyu."
"Lahadi, ba ko ɗaya, sai jaki."
Ni da na sha danna wa irinsa oda
in wuce, in bar su cikin hayaƙi,
yau tan-tan ɗaya ce ta riske ni,
mai ita ya ɗaga yatsa biyu daga sitiyari,
ya ba ni rabin hanya.

Hawan Brotas ya kusa raba ni da rai.
Na sauka na tura, ba kunya,
wa zai gani? Zaitun?

Can sama, inda ya zana ɗan da'ira
ya rubuta "Idalina, ruwa,"
akwai farin gida mai shuɗin gindi.
Tsohuwa ta fito tana goge hannu a zane.
Keken ta fara kallo, ta daɗe,
sannan ta ɗago ta kalle ni.

"Ina mai shi?"

Na buɗe baki, magana ta ƙi hawa tudun.
Na ce, "Tun Janairu."
Ta gyaɗa kai, ta shiga ciki,
ta fito da ruwa a kofin ƙarfe,
mai sanyin da ke kama haƙori.

Da na sha, ta nuna mini baronta
a gindin lemo, taya ta kwanta.
"Shi yake sa mini iska," in ji ta,
"duk farkon wata."

Na ciro famfo. Na durƙusa.
Gwiwa ta yi ƙara, tayar ta fara tashi
sannu, sannu, kamar ƙirjin mai barci.

Ban kai Cabeção ba ran nan,
rana ta riga ni karkata.
Na juyo da lemo biyu a aljihu,
gangara ta ɗauke ni ban taka feda ba,
iska na busar da abin da ke fuskata.

A bakin maƙabarta na ja birki,
na laluba fensirinsa a ƙasan jaka,
guntu ne, duk ya tattaune gindin.
Na rubuta a ƙarƙashin nasa:
"Alhamis, tan-tan ɗaya.
Baro na son faci, a zo da gam."