Jan Alli

Takardar da suka kawo daga ma'aikata
ta san Kawo, ta san Kakuri, ta san gadar jirgi,
amma inda muke kwana a Rafin Guza, fari fat,
kamar ba a taɓa binne cibiya a nan ba.

Sai muka ture bencinan 'yan aji huɗu,
muka shimfiɗa kwali a ƙasa, muka danne da takalma.
Yarinyar ma'aikata ta ce: ku zana, ni baƙuwa ce.

Tasalla ungozoma ba ta san arewa a takarda ba,
da haihuwa take ƙirga lungu:
nan tagwayen Jatau, nan wadda ta zo da ƙafa,
nan muka ɗauki Rifkatu a kan ƙyaure
don mota ta ƙi shiga.
Barau mai ga-ruwa ya ja layi da gawayi,
ya ce ga inda baro ke kafewa tun daga Yuli.
Istifanus tela ya goge da gwiwar hannu,
ya ce ƙarya ne, matsa gaba kaɗan.
Suka yi ta yi har aka kira la'asar.

An yi gardama kan Gindin Mangwaro.
Shekara tara da sare bishiyar,
amma ka ce wa mai keke ya kai ka can, zai kai ka.
Muka zana ta da ganyenta.

Daga nan aka miƙa wa yara jan alli,
su nuna hanyar ruwa ranar da kogi ya yi fushi.
Su ne ke bin kwata da jirgin takarda,
sun fi mu sani.
Layin ya gangaro ta bayan injin niƙa,
ya wuce coci, ya wuce masallacin Juma'a,
ya zo ya tsaya cak.

Katangata ce.
Wadda na ƙara bara da kuɗin adashi,
taku uku kacal na ci.

Ba wanda ya dube ni.
Tasalla ta gyara mayafi, Barau ya yi tari.
'Yata ce ke riƙe da allin.

Yanzu taswirar na manne a ofishin mai unguwa,
da sawun takalmin wani a gefen gabas.
Gobe Asabar.
Na aiki yaro gidan Istifanus aron guduma.