Matuƙin da Ba Ya Gyangyaɗi

Shekara goma sha tara Sallau na riƙe da hannun inji,
ni ina baya ina sauraron zare.
Haka muke jan ƙugiya a Tiga:
tafiyar hawainiya, inji na gunaguni ƙasa-ƙasa,
zare huɗu na bin sawunmu
har sai giwan ruwa ta ga dama.

Bara yana ta sauko masa a ido.
Yanzu yana gaɓar Rurum, yana ɗinkin koma da lalube,
ni kuwa hannuna biyu ne kacal.
In na kama inji, zare ya sarƙe.
In na kama zare, jirgi ya juya hanci
kamar jakin da ya tuna gida.

Nafi'u ɗan ƙanwata ya zo da waya.
"Kawu, akwai matuƙi na ƙarfe.
Ka nuna masa gabas da asuba,
ya riƙe maka ita har azahar."
Ya dinga ture hotuna da yatsa.

Ga wani, sanda ce, ba ta kai kamu biyu ba,
a maƙala ta a hannun inji,
ta miƙe, ta takure, tana biyayya ga kamfas.
Ga wani mai famfo da tiyo,
sai an yi wa jirgi sitiyari tukuna,
kuɗinsa bijimi biyu, ban da ladan mai ɗaurawa.
Na ukun da tauraron ɗan'adam yake hira,
yana tuna inda ka bi jiya.
Na ce wuce wannan, yaro,
linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Kwana tara ina lissafi a kan tabarma.
Jirgina ƙafa ashirin da shida,
ga ƙanƙara, ga jarkar mai, ga ni,
ga kifi in Allah ya kawo:
sandar za ta iya da wannan nauyi?
Batir nawa take sha kafin rana ta take?
In iskar bazara ta bugo ta gefe
muna tafiyar sannu, za ta ruɗe?
In ta mutu a tsakiyar ruwa,
wa ya san cikinta tsakanin nan da Kano?

Na kai wa Sallau duka.
Bai ɗago kai daga komarsa ba.
Ya ce, "Ta san rimin tsohon gari?
Wanda ruwa ya cinye tun muna goye,
yana nan tsaye a ƙasa,
rassa a buɗe suna jiran ƙugiyar wawa?"
Nafi'u ya ce a'a, ba ta gani,
miƙewa kawai ta sani.
Sallau ya ciji zare, ya tofar.
"To ku sayi wadda ta fi saurin sakin hannu."

Sandar muka saya.
Ƙusa ɗaya ke riƙe da ita, ko yaro ya zare.
Tunkiya uku suka tafi, da buhun ridi.

Ran da muka gwada ta, Sallau ya ce sai ya bi mu.
Ya zauna a goshin jirgi, fuska sama,
yana jin yadda ruwa ke marin katako.
Sandar na ta ƙiiƙ, ƙiiƙ, ba goro, ba gardama,
layinta ɗoɗar kamar kunyar garma.
Ban so na yabe ta a gabansa ba.

Can ya ɗaga hannu. "Kwance ta."
Na zare ƙusa, na karya hagu,
muka zagaye abin da ba mu gani ba,
zare huɗu suka biyo lafiya.
"Mayar mata," in ji shi. Na mayar.

Ba mu yi nisa ba zaren dama ya ɗaure,
ya fara kuka.
Na kama shi da hannu biyu,
karo na farko tun bara.