Ɗari Uku da Goma Sha Biyu

Shekara talatin ina kwance bututun ruwa a Tawa,
daga Bilbis har Wadata
babu zauren da bai san ƙarar sifanata ba.
Na san yadda bututu ke mutuwa.
Ba ya kuka, ba ya sallama.
Farin dutse ke kwanciya a cikinsa, ƙwaya bisa ƙwaya,
mai gida na alwalarsa hankali kwance
har ranar da zai murɗa famfo
ya ji iska kawai.

Haka Illa ya tafi, ƙanena.
Yana ɗinke bakin buhun albasa,
basilla a hannu, magana a baki.
Bai ƙarasa ko ɗaya ba.

Bayan sadakar arba'in Barira ta kafe, ɗiyata,
ta sayi tikiti ba ta tambaye ni ba.
Muka wuce Ƙonni, muka wuce Dogon Dutsi,
ina ta mitar jikkunan da za a ƙone
a kan mutumin da ko ciwon kai ba ya yi.

A Yamai suka kwantar da ni a bakin wani farin zobe,
ɗakin da sanyi kamar cikin randa.
Murya ta ce, riƙe numfashi.
Na riƙe.
Tsakanin wannan da sake shi
injin ya shiga inda uwata ma ba ta taɓa gani ba.

Lokotoro Hamsatu ta juyo mini da allon.
Ga zuciyata, toka-toka, kamar tsohon ƙwarya,
ga wasu fararen ɗigo a jere bisa hanyar jini.
Ta buɗe baki za ta yi bayani,
na ce, bari, ɗiyata, wannan aikina ne.
Na sha kankare shi da waya.
Ta yi dariya, sannan ta daina.

An auna, ta ce. Ɗari uku da goma sha biyu.
A tara maza ɗari masu shekarunka,
masu tabarka, masu hawan jininka, masu wannan lamba,
kafin damina goma
wajen ashirin zuciya za ta kayar.
Na ce, to ni wanne ne cikin ɗarin?
Ta ce, Malam Nomau, injin ya iya ƙirga,
bai iya nuna mutum da yatsa ba.

Na so in ji haushi.
Jikka nawa, don a ce mini wataƙila?
Sai na tuna ni ma haka nake ce wa masu gida:
wannan layin zai toshe, ban san ranar ba.
Wasu su gyara.
Wasu su ce Allah na nan,
kamar ba Shi ya ba ni idon ganin dutsen ba.

Ta rubuta ƙwaya ɗaya, kowane dare.
Ta hana taba, ta rage gishiri,
ta shiga tsakanina da kitsen balangu na bakin tasha.
Dutsen da ya kwanta ya kwanta, ta ce,
na bayansa muke tarewa.

Da magariba muka tsaya bisa gada.
Ruwan Isa na tafiya, faɗi, babu abin da ya tare shi.
Barira na riƙe da takardar kamar jariri.
Na lalubo kwalin taba a aljihu,
saura kara huɗu.
Ban jefa a ruwa ba, kada in yi ƙarya.
Na miƙa mata.

Yanzu da asuba nakan taka har bakin tabki in dawo,
tafin hannu bisa ƙirji wani lokaci,
yadda nake kara kunne a bango
in saurari ko ruwa na wucewa.

Yana wucewa.
Illa, da an leƙa naka.