Tafireta Biyu a Wad Madani

Bayan tashar jirgin ƙasa nake da rumfa,
da tafireta biyu a kan tebur mai ƙafar aro,
ɗaya tana cin takarda daga dama, ɗaya daga hagu.
Barira ce kaɗai ta taɓa sa su aiki rana guda.

Kakanta ya baro Kazaure da jaki da niyyar Makka.
Auduga ta tare shi a Jazira,
ya ce bari ya tsinta na shekara ɗaya, ya cika guzuri.
Shekarar nan har yau ba ta ƙare ba.

A makarantar gwamnati malama ta ce mata,
harshen gidanku ki bar shi a ƙofa
tare da takalminki.
Takalmin ta bari.

Littafinta na fari da Larabci ta yi shi,
labarin mata masu tsinta, da ƙaya a farce.
Wani edita a Hartum ya zagaye kalma goma sha bakwai da jan biro,
har da kara, har da gayya, har da ɗan goyo.
Ta ce, samo mini Larabcin kara in sauya.
Ya nema mako uku.
Aka buga da su a ciki.

Na biyu da Hausa, ta ba wani direba ya kai Kano.
Sai bayan damina biyu amsa ta zo:
Hajiya, wannan ai Hausar kakanni ce,
kuma mene ne kisra? Jabana fa?
Ta yi dariya har shayi ya zube mini a kan takardu.
Ta ce, Tanimu, ka ga jemage,
tsuntsaye na ƙorafin haƙori, ɓeraye na ƙorafin fiffike.
To, su riƙe ranarsu. Dare nawa ne.

Ba ta yi kuɗi ba.
Shekara talatin da ɗaya tana koyar da 'yan aji uku.
Kyauta ɗaya ta taɓa ci, agogon bango,
ya tsaya a huɗu saura kwata, ta ƙi gyarawa.
Ni kuwa wani lokacin da gyaɗa take biyana,
wani lokacin da Allah ya saka.
Mukan yi faɗa a kan waƙafi.
Ita ke da gaskiya, amma ba kullum ba.

Na ƙarshen ne ya wahalar da ni.
Ka buɗe ta nan, Larabci. Ka juya, Hausa.
Ba fassarar juna ba ne, kowane da abin da ya ɓoye wa ɗan'uwansa.
A tsakiya, inda za su yi karo,
ta ce in bar shafi fari.
Na ce asarar takarda.
Ta ce nan ne gidanmu, kada ka taɓa.

Da harbi ya iso gari ta hau bayan babbar mota zuwa Gadarif,
da jaka ɗaya, da allurar sukari ta kwana tara.
Ta yi kwana ashirin.

Takardun suna wurina, cikin gwangwanin madara.
Tawadar tafireta ta bushe, duka biyun.
Wani sa'in nakan ciro shafin nan na tsakiya
in ɗaga shi ga hasken rana,
ko ta rubuta wani abu ban lura ba.