Bayan Isha'i a Shagon Gyara

An idar da isha'i a Jidda, zafi bai kwanta ba.
Na ja ƙofar shago rabi, na kunna fim.
Kawu Ilu ya zo karɓar wayarsa,
ya ji ana dariya, ya jawo kujera.

A fim ɗin, wani yaro mai tabarau
yana caccakar madannai kamar kaza ta samu tsaba,
sai ga ƙofar banki ta buɗe kanta,
sai ga mutum-mutumi ya kawo shayi,
ya tsiyaya wa maigida a cikin takalmi.

Kawu ya yi dariya har hula ta faɗi.
Ya ce, "Mu'awiya, shekara tara kana nan,
ko ƙofar kicin ba ka buɗe da na'ura ba."

Na ce, "Kawu, nawa aikin ƙura ne da noti,
da gilashin da yaro ya zauna a kai,
da alhajin da ya manta lambar sirri
ya rantse aljani ne ya canja ta."

Can kwamfutar fim ta faɗa soyayya
da injin wanki, tana yi masa kirari.
Daidai nan tawa ta daskare,
jarumi ya tsaya cak, baki a buɗe.

Muka jira.
Fanka tana juya iskar teku mai gishiri.
Kawu ya miƙa hannu, ya ɗan mare ta a gefe
yadda yake yi wa tsohuwar rediyonsa.
Ta ci gaba.

Bai ko dube ni ba.
Ya ɗauki shayina ya shanye.
Kuɗin gyaran waya kuwa, ya ce ai mun yi kunnen doki.