Dutsen Aljihun Hermelinda

Tun da duhu Hermelinda ta ɗaure wa alfadari kaya,
ta miƙo min ganyen koka:
"Tauna. Kada ka haɗiye."

Mashigin farko da surutu na hau shi.
Na biyu ya ƙwace min baki.
Taku goma, in tsaya,
zuciya na lugude cikin kunnena,
iskar kuwa kunu ce da aka cika wa ruwa,
ka sha, ka sha, babu ƙoshi.

Tsakuwa ta zame, gwiwata ta gaisa da dutse.
Alfadarin ya waigo, ya dube ni, ya wuce.

A ƙwanƙolin Cuyoc ƙanƙara ta hau jifanmu.
Ta zaro ɗan dutse daga aljihu,
tun daga rafi take ɗauke da shi,
ta aza kan tarin da matafiya suka bari.
"Na mijina ne. Nan yake hutawa da."
Ban tambaya ba.

Ashe gangara ta fi hawa mugunta.

Da almuru, hayaƙi, bukkar dutse,
miyar dankali, kare mai ido ɗaya.
Da ƙyar takalmi ya saki ƙafata.
Ta nuna wani farin tsauni da cokali:
"Gobe, wancan."